Baƙin Akwati a Jikin Bango

A kan babur aka kawo kwamfutar, an naɗe ta da bargo an ɗaure da roba, cikin ranin 2006. Baffana ne ya sayo ta a Kano, a shagunan kayan lantarki na wajen titin Beirut. 'Yar gwanjo ce, Pentium III mai Windows XP, da allonta mai ƙatuwar ƙeya.

Garinmu yana ɗan ciki kaɗan daga kwaltar da ta tashi daga Kano ta ratsa Dambatta ta nufi Kazaure da Daura. Baƙo yakan yi mamakin yadda ba mu da daji. Gonar wannan tana ƙarewa a jikin dangar wancan, kowace bishiyar gawo ko ɗorawa da mai ita, kuma tun kafin hadari ya haɗu jakuna sun gama kai taki. Ƙasa ce mai jama'a, kuma inda jama'a suka yi yawa ba a rasa biki da suna da walimar saukar karatu, musamman bayan kaka idan an sayar da gyaɗa da wake. Abin da Baffa ya hango ke nan. Da ma yana da kyamarar bidiyo mai ƙaramin kaset, sai dai duk abin da ya ɗauka sai ya kai Kano an juye masa a faifai, kuɗin mota da ladan aiki su cinye ribar. Ni kuwa na gama sakandare, na yi 'yan watanni a wata makarantar koyon kwamfuta inda aka koya mana buga takarda da jera lissafi. Da wannan ɗan ilimin aka ɗora ni a kan kujerar.

Lokacin faifan VCD ne ke tashe. Fina-finan Hausa da ake sarowa daga Ƙofar Wambai da Bata suna barin kaset suna komawa faifai, na'urar kallonsa 'yar China kuma ta yi arhar da har a ƙauye akan same ta a gidajen masu ɗan hali. Aikina in juye abin da Baffa ya ɗauko, in yanke wuraren da kyamara ta kalli ƙasa, in sa ƙasida ko waƙa a farko, in buga a faifai da Nero. Da ƙaramin janareta muke aiki, kowace awa da kuɗinta na fetur. Baffa kuma yana da ƙa'ida: ba a miƙa wa mai biki faifai sai an kalle shi daga farko har ƙarshe, an tabbatar bai tsallake komai ba. Don in rage cin mai sai na riƙa buɗe biyu lokaci guda, asalin bidiyon a Windows Media Player ta hagu, faifan da na buga a wata manhajar ta dama, ina kwatantawa.

Na hagun yana tafiya sumul, launinsa a cike. Na daman kuwa tsalle yake yi. Mai rawa zai ɗaga ƙafa a nan, sai ka gan shi ya sauke ta a can. Bakin maroƙi yana motsi bayan maganar ta wuce. Idan na ja gefen tagar na ƙara mata girma, fuskokin mutane su farfashe su koma ƙananan murabba'ai, linzamin ma ya yi nauyi a hannu, ka ja shi yanzu ya amsa anjima. Baffa ya tsaya a kaina ya ce, “Faifan nan na bogi ne, an cuce mu.” Muka kai faifan gidan maƙwabci aka sa a na'urarsa, ya yi tas, ko gargada babu. Muka zargi zafi, aka kunna wa kwamfutar fanka. Muka zargi janareta, Baffa ya sayo sitabilaiza. Wani ɗan'uwanmu da ya zo daga birni ya ce bairos ne ya shiga, a yi mata fomat kawai.

Hanya ta fara buɗewa ne ranar da na riga buɗe faifan kafin asalin. Sai ga faifan sumul, asalin kuma shi ke tsalle. Na rufe duka na sauya, abin ya sauya tare da ni. Ashe ba ruwan kwamfutar da wanne ne asali wanne ne kwafi. Wanda aka riga buɗewa shi ne mai kyau, na bayansa sai abin da ya samu.

Da muka kai ta Kano a ƙara mata ram, na kwashe labarin na gaya wa mai gyaran. Mutum ne da ya manyanta, wanda ya fara da gyaran talabijin tun kafin kwamfuta ta yawaita. Bai ma bari na ƙarasa ba.

“Obale ne, ɗan samari,” in ji shi. “Guda ɗaya ne a katin hoton naku. Ka san injin niƙa? Wadda ta fara ajiye kwanonta ita injin yake wa aiki. Ta biyun in ba za ta jira ba sai ta koma gida ta zuba a turmi. Gari dai za a samu, amma dubi gumin, dubi lokacin.”

Na ce, “To Maigida, ba za a ƙara mana wani ba?”

Ya ce, “A jikin ƙarfen aka gina shi. Ba manhaja ba ce balle in zuba maka.”

Sai daga baya, da karance-karance da taɓe-taɓe, na fahimci maganarsa dalla-dalla. Hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, wato ɗigo 101,376, kuma hotuna 25 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Allonmu kuwa 1024 ne a kwance, 768 a tsaye, ɗigo 786,432. Kafin fim ya cika allo sai an buɗa kowane hoto kusan ninki takwas, an ƙirƙiro ɗigon da babu shi a tsakanin waɗanda ake da su. Ga aiki na biyu: bidiyo yana ajiye haske daban, launi daban, don ya rage nauyi, shi kuwa allo ja da kore da shuɗi kaɗai ya sani, saboda haka kowane ɗigo sai an yi masa lissafin juyawa. In ka tara, ɗigo kusan miliyan 20 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Furosesar wancan zamani tana fama da warware matsin fim ɗin da fitar da sauti, a ɗora mata wannan kuma sai ta durƙusa. Shi ne masu ƙera katin hoto suka ware wani ɗan sashe a cikinsa wanda ba shi da aiki sai wannan. Manhaja ta miƙa masa hoton yadda yake, ƙarami, shi ya buɗa shi, ya juya launin, ya haɗa shi da sauran abin da ke kan allo a daidai lokacin da saƙon yake fita ta waya. Sashen yana cin wuri yana cin kuɗi, kuma an ɗauka mutum ɗaya fim ɗaya yake kallo, shi ya sa a yawancin katunan lokacin guda ɗaya tak aka sa. Manhajar da ta fara kama shi tana riƙe da shi har sai an rufe ta, ko da an tsayar da fim ɗin. Ta biyu, in an gina ta da mafita, sai ta ɗora wa furosesa aikin. In ba haka ba ta nuna maka baƙi ko kore, ko ta fito da saƙon Turanci ta ƙi buɗewa sam.

Ban taɓa ganin laifin masu ƙirar ba. Ba don wannan dabarar tasu ba, kwamfuta mai arha irin tamu ba za ta nuna fim ko ɗaya da kyau ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk watannin da na yi ina koyon kwamfuta ba a taɓa kwance mana murfinta an ce ga katin hoto, ga aikinsa ba. Kuɗin sitabilaizan nan kuɗin gyaɗar Baffa ne, kuma bayanin minti biyar da Hausa ya isa ya hana kashe shi.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ɗaure kai. Masu biki suna son hoton ango, ko na yaron da ya sauke, a bangon faifai. A kibod akwai maɓallin Print Screen, mai ɗaukar hoton duk abin da ke kan allo. Sai in tsayar da bidiyon a inda ango ya fito da kyau, in danna, in buɗe Paint in liƙa. Komai ya fito, gefen tagar, maɓallan, har agogon da ke ƙasa, amma gurbin ango baƙin akwati ne. Idan kuma na ja tagar Paint ɗin ta hau daidai inda bidiyon yake a baya, sai ga ango ya bayyana a cikin akwatin. In matsar da ita gefe kaɗan, rabin fuskarsa ya yanke. In saki fim ɗin, sai hoton da ke cikin Paint ya fara motsi yana gaisawa da mutane. Baffa ya ga wannan da idonsa, ya ja da baya yana salati.

Dalilin shi ne bidiyon bai taɓa shiga cikin hoton allon da Windows ke riƙe da shi ba. Manhaja takan shafe gurbin ne da wani launi na musamman, a tamu baƙi ne mai ɗan sirkin shunayya, a wasu kuma ruwan hoda mai kauri. Katin hoto yana duba kowane ɗigo yayin fita, duk inda ya ga wannan launin a cikin iyakar tagar sai ya sa bidiyo a madadinsa. Launin ne Print Screen ya ɗauko, kuma da na mayar da shi kan gurbin katin bai bambance na Paint da na manhajar ba.

Da na gane haka sai na riƙa fara buɗe kowane tsohon fim, in tsayar da shi in ture gefe ya riƙe obale ɗin, sannan in buɗe bidiyon bikin a manhaja ta biyu. Tunda ita ba ta samu ba, dole ta zana hotonta a kan allo na gaske, Print Screen kuma ya kama. Akwai wata hanyar a saitin Windows Media Player, inda ake jan wani ɗan maɓalli zuwa hagu a sauke wa katin aikin, sai dai dole ka tuna ka mayar, in ba haka ba duk fim ɗin da ka buɗe ranar sai ya yi tsalle. Duba faifai kuwa muka daina yin sa a kwamfuta. Baffa ya kawo na'urar VCD da 'yar ƙaramar talabijin aka ajiye a gefe, asali a nan, kwafi a can.

Inda wannan sanin ya fi yi mini rana shi ne bayan kakar 2009, wake yana shigowa gida. Malamin gona na yankinmu ya zo da baƙi daga wata ƙungiyar taimakon manoma, da laftof da na'urar majigi, za su nuna fim na Hausa a kan ajiyar wake a buhun nan mai hawa uku da masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Duk wanda ya noma wake ya san abin da ƙwaro ke yi masa. Ka zuba shi lafiya lau, bayan 'yan watanni ka buɗe ka tarar da huji da gari. Shi ya sa manomi ke sayarwa da kaka a farashin wulaƙanci, ko ya zuba maganin ƙwari, har da fiya-fiya, a abin da iyalinsa za su ci. Ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ragowar irin wannan magani ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Suka yi hayar janaretanmu da lasifika, ni kuma aka ce in zo in kula da su. Bayan isha'i aka taru a filin makarantar firamare. Dagaci a kan kujera, dattawa a tabarma, yara sun cika gaba, mata a can baya gefen danga da goyonsu. An fara sanyin hunturu, kowa ya ƙudundune. Aka kunna na'urar, sai ga koren tudun nan da shuɗin sama na Windows XP ya cika bangon aji, yara suka sa ihu. Baƙon ya buɗe fim. Murya ta tashi a lasifika, mai bayani yana sallama yana gaida manoma. A jikin bango ga gefen taga, ga maɓallai, ga ɗan layin da ke nuna fim yana tafiya, tsakiyar kuwa baƙi ƙirin. A fuskar laftof ɗin fim yana gudana lafiya.

Baƙon ya rufe ya sake buɗewa. Ya zare wayar majigin ya hura ya mayar. Yara suka fara zagayowa bayan teburin suna leƙen laftof, ana korar su. Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, “Malam, mu dai magana muke ji. In rediyo ce muna da ita a gida.” Na ga mata biyu sun miƙe sun gyara goyo.

Na matsa kusa na ce, “Yallaɓai, in ka yarda in taɓa.” Ya dube ni, ya dubi malamin gona, malamin ya ce, “Bar shi, aikinsa ne.” Laftof ɗin tana aika hoto wuri biyu, fuskarta da majigin, obale kuwa ɗaya ne kuma fuskarta ya bi. Abin da ya isa bango shi ne launin nan da aka shafe gurbin da shi. Na rufe manhajar, na danna Fn tare da maɓallin da ke da zanen allo har fuskar laftof ɗin ta mutu, majigin ya zama shi kaɗai ne allo, sannan na sake buɗe fim ɗin ina kallon bango. Sai ga hannayen wani manomi, manya-manya, suna zura leda a cikin leda. Matan da suka miƙe suka koma suka zauna.

Can gaba baƙon ya so ya nuna gajerun bidiyo biyu kafaɗa da kafaɗa, buhun gargajiya da aka buɗe bayan watanni a gefe ɗaya, sabon buhun a ɗaya gefen. Tunanin mai kyau ne, amma na san inda za a ƙare. Na farkon ya fito tas, na biyun yana tsalle har ba ka bambance wake da ƙwaro. Na ce masa mu nuna ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya cika bango, a rufe na farko kafin a buɗe na biyu. Haka aka yi. Da ƙwarin suka cika bango suna yawo a kan wake, filin ya ɗauki “Subhanallahi.” Da aka buɗe ɗaya buhun kuma, dagaci ya ce a mayar da fim ɗin wurin ɗaurin baki. Na ce, “To, ranka ya daɗe,” na mayar. Yana so ya ga yadda ake matse iska ta fita, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Duk sirrin yana nan, domin rashin iska ne ke kashe ƙwaron, kuma huji ɗaya ko sakwan-sakwan ɗin ɗauri ya isa ya ɓata aikin. Wannan ba abu ne da murya kaɗai za ta koyar ba.

Na daɗe ina tunanin daren nan. Da baƙin akwatin ya ƙara minti goma a bango, da taro ya watse, kuma da safe ba wanda zai ce katin hoto ne ya gaza. Cewa za a yi baƙi sun zo da abin da ba ya aiki, kuma hukuncin a kan buhun zai faɗa. Mutanenmu sun sha ganin masu zuwa da mota su yi jawabi su tafi, saboda haka ba su da haƙuri mai yawa da kayan baƙo, kuma ina ganin suna da hujja.

Windows Vista ta fito a farkon 2007, Windows 7 kuma a Oktoban 2009, amma sai da kwamfutocinsu suka tsufa a hannun masu su sannan suka iso mana a gwanjo. Tsarinsu daban ne. Kowace taga tana zana kanta a nata gurbin a cikin ma'ajiyar katin hoto, sannan sashen katin da aka gina don zanen wasanni ya tattara su ya fitar da hoto ɗaya. Bidiyo ya zama taga kamar kowace taga. Ka buɗe uku su tafi tare, Print Screen ya kama, majigi ya nuna. Farashin shi ne kati mai ƙarfi da ram mai yawa, waɗanda tsofaffin injuna ba su da su. Kafin nan ma sana'ar ta sauya. Faifai ya ja baya, memori ya shigo, shagonmu ya koma na tura fina-finai da cajin waya.

Obale ɗin bai mutu ba, yawa ya ƙara. Haɗa hoto a bakin fita ya fi sauƙin cin wuta, shi ya sa Windows 8.1 ta dawo da shi a 2013 da shimfiɗu fiye da ɗaya, wayoyin Android kuma yawanci aƙalla huɗu suke da su. Layin sama mai nuna agogo da caji yakan ɗauki ɗaya, maɓallan ƙasa ɗaya, manhajar da kake ciki ɗaya, bidiyo ɗaya. Idan abubuwan da ke kan fuskar wayar suka wuce adadin, ba ta nuna baƙi kamar dā, sai ta tura ragowar ga sashen zane ya haɗa, shi kuma ya fi shan batir. Baƙin hoton da mutum kan samu yanzu idan ya yi ƙoƙarin ɗaukar fim a wasu manhajojin kallo na kuɗi wani abu ne daban, da gangan aka toshe don kare haƙƙin masu fim.

Samarin garinmu suna son su bar fim yana tafiya a 'yar ƙaramar taga a kusurwa, suna hira a WhatsApp, suna leƙa Facebook inda wani bidiyon ke kunna kansa. Sai su zo shago su ce wayar tana zafi, caji ba ya kai su la'asar, a sauya batir. A inda ake biyan kuɗi kafin a yi caji wannan ba ƙaramin ƙorafi ba ne. Wani lokacin batirin ne da gaske ya gaji. Amma kafin in ce su saya nakan karɓi wayar in duba abin da ke buɗe, in rufe ƙaramar tagar, in kashe kunna-kai na bidiyo, in ce su je su gwada kwana biyu tukuna.